Fim ɗin tururuwa masu wayo

A shekara ta 1974, wani mutumin Amurka mai suna Saul Bass ya yi wani fim, sunansa Phase IV. Labarin ƙage ne. A cikin hamadar Arizona, tururuwa iri-iri suka bar faɗa da juna, suka haɗa kai, suka kori manoma daga gidajensu. Masana biyu suka zo bincike, suka shige wani ɗaki cike da na'urori. Ɗaya yana so ya kashe tururuwar, ɗaya kuma yana so ya yi magana da su ta hanyar lissafi.

Da fim ɗin ya fito bai yi kasuwa ba. Waɗansu sun ce tafiyarsa sannu-sannu ce, kuma babu dodo a ciki. Amma ya kamata ƴan makaranta su gan shi.

Na farko, tururuwar ta gaskiya ce. Wani gwani, Ken Middleham, shi ya ɗauki hotonsu kusa-kusa. Mai kallo yana ganin baki da ƙafafu, yana ganin sarauniya da ƙwanta. Yaron da ya ga wannan ba zai sake wuce gidan tururuwa bai tsaya ya duba ba.

Na biyu, akwai darasi a wurin gubar. Masanan sun fesa wata guba rawaya, tururuwa da yawa suka mutu. Sai ɗaya ta ɗauki guntun gubar. Da ta faɗi, wata ta karɓa, har aka kai wa sarauniya. Ta ci, ta haifi ƴaƴan da gubar ba ta kashewa. A nan fim ɗin ya ƙara gishiri, don ƙwaro ba ya shawara irin wannan. Amma tushen zancen gaskiya ne. In aka yi ta fesa magani guda, ƙwarin da suka fi jurewa su ke tsira, su hayayyafa. Haka sauro ya yi da maganin DDT a ƙasashe da yawa. Manomi da malamin asibiti duk suna fama da wannan matsala.

Na uku, fim ɗin yana rage girman kai. Masanin da ya raina tururuwa shi ya hallaka. Tururuwa guda ba ta da ƙarfi, amma taronsu ya gagari na'ura. Duk wanda ya taɓa ganin yadda suke kwashe hatsi daga masussuka ya san haka.