Tsargiya: Jinin da muka saba gani a fitsarin ’ya’yanmu

A wannan mako zan yi magana ne a kan mafitsara, da kuma wata cuta da ta daɗe tana cin ta a ƙasar nan ba tare da mun ɗauke ta da muhimmanci ba, wato tsargiya. Na san batun fitsari ba abin da Bahaushe ke sakin baki a kansa ba ne, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Abin da nake son mu fahimta a yau guda ɗaya ne: jini a cikin fitsari alamar rauni ce a cikin jiki, ko a yaro ko a babba, kuma sabon da muka yi da ganin sa shi ne babban abin da ya sa cutar ta samu wurin zama a cikinmu.

Bari mu fara da ita kanta mafitsarar. Jaka ce ta tsoka da ke zaune a ƙasan mara. Ƙoda biyu suna tace jini dare da rana, suna fitar da fitsarin da ya kai kimanin lita ɗaya zuwa biyu a yini, sai ya gangaro ta wasu siraran bututu biyu ya taru a mafitsara. Mafitsarar baligi kan ɗauki kusan rabin lita kafin ta matsa masa. Lafiyarta ta dogara ne a kan iya miƙewa idan ta cika da iya matsewa idan za a zubar. Duk abin da ya taurara bangonta, ko ya toshe bakin bututun nan biyu, to ya taɓa ƙoda, wanda kuwa ƙodarsa ta lalace ya shiga jinyar da gida ɗaya ba ya iya ɗauka.

Tsargiya wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda masana ke kira Schistosoma haematobium. Rayuwarta zagaye take yi tsakanin mutum da ruwa. Mai cutar zai yi fitsari a kududdufi ko tafki ko magudanar noman rani, ƙwayayen tsutsar su fita tare da fitsarin. Da sun ji ruwa sai su ƙyanƙyashe, ’ya’yan su nemi wata ƙaramar katantanwa ta ruwa su shige jikinta. A cikinta suke hayayyafa har tsawon wasu makonni, sannan su fito dubbai suna iyo, ido ba ya ganin su. Duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka ko wanki ko kamun kifi ko dasa shinkafa, sai su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba, kuma ba sai yana da rauni a jiki ba. Daga nan su bi jini su girma, mace da namiji su haɗu, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Tsawon tsutsar bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, amma takan rayu shekaru a jikin mutum tana saka ƙwai kullum.

Ƙwan nan shi ne tushen ɓarnar. Yana da ɗan tsini a ƙarshensa, kuma dole ya ratsa bangon mafitsara kafin ya fita. Ratsawar ce ke kawo jinin da ake gani, galibi a ɗigon ƙarshe na fitsari, bayan wata biyu zuwa uku da shiga ruwan. Sai dai ba dukkan ƙwayayen ke fita ba. Da yawa sukan maƙale a cikin naman mafitsara, jiki ya kewaye su da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare. Shekara bayan shekara, jakar da Allah Ya halitta da laushi sai ta zama kamar busasshiyar fata. Idan tabon ya kama bakin bututun da ke saukowa daga ƙoda, fitsari zai riƙa taruwa a sama, ƙodar ta kumbura tana lalacewa a hankali, mai ita bai ma sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Tun shekarar 1994 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta sanya wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Daɗewar kumburi a bangon mafitsara kan sauya ƙwayoyin halittar wurin har su rikiɗe su zama daji. A Turai da Amurka dajin mafitsara ciwon tsofaffi ne, kuma shan taba ne babban sanadinsa. A ƙasashen da tsargiya ta yi katutu kuwa, yakan kama mutum tun yana da sauran ƙarfinsa, magidanci mai ’ya’ya ƙanana. Yaron da muka gani yana fitsarin jini yana ɗan shekara goma muka yi dariya, shi ne wanda za a iya kaiwa asibitin koyarwa yana ɗan arba’in da biyar, a lokacin da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa.

Cutar tsohuwa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa wasu ke kiran ta da sunan da aka ciro daga nasa. A 1910 kuma aka samu ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir’auna. Masar ta daɗe dajin mafitsara yana kan gaba cikin cututtukan dajin da ke kama mazajenta. Da ta dage da yaƙi da tsargiya, sai nau’in dajin da tsutsar ke jawowa ya ragu ƙwarai. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: abin da ake ganin kamar gadon ƙasa ne, ashe ana iya kawar da shi.

A nan gida, ci-gaban da muka nema shi ya ƙara wa cutar fili. Katantanwar da ke ɗauke da ita tana son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ta shayar da gonakin Kadawa da Kura, ta Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara ta biyo baya a 1978. Albarkar waɗannan ayyuka ba ta musantuwa, shinkafa da alkama da tumatur shaida ne. Amma magudanun da suka kawo ruwa gona su ne kuma suka zama gidan katantanwa shekara cur, alhali a da rani kan busar da ita. Haka ya faru a Gana bayan gina madatsar Akosombo a 1965, inda tsargiya ta yawaita matuƙa a ƙauyukan bakin tafkin Bolta. A birane ma ba mu tsira ba, domin kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini nan ne wurin wasan yaran unguwa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2021 mutane sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin tsargiya, ta mafitsara da ta hanji gaba ɗaya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasu a Afirka suke. Najeriya na sahun gaba a cikin ƙasashen da abin ya shafa. Duk da haka, yaushe rabon da mai karatu ya ji an yi zancen tsargiya a majalisa ko a wurin yaƙin neman zaɓe?

Dalilin shirun, a ganina, yana cikin yadda muka fassara alamar. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin shaidar cewa yaro ya fara zama namiji. Wasu kuma kan ɗora wa zafin rana. Ina zaton wannan zato na biyu yana da inda ya samo asali, domin ƙwayayen tsutsar sun fi fita da tsakar rana, shi ya sa ma ma’aikatan ɗakin awo suka fi son a kawo fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Rana dai ba ta da laifi. Wani abin da ke ƙara ruɗar iyaye shi ne jinin kan ragu ko ya ɗauke idan yaro ya girma, sai a ce ai ga shi ya warke da kansa, alhali tabon yana nan a ciki yana aikinsa. Nakan tambayi ɗalibaina a aji ko akwai wanda ya taɓa yin tsargiya yana yaro. Hannuwan da ke tashi ba kaɗan ba ne, ana yi ana murmushi. Idan na sake tambaya wa aka kai asibiti a kanta, sai yawancin hannuwan su sauka. Waɗannan fa su ne suka samu isowa jami’a.

Na mata ya fi zama a ɓoye. Ƙwayayen tsutsar kan maƙale a mahaifa da gabanta, su kawo ciwon mara da ƙaiƙayi da zubar jini, wani lokaci har da rashin haihuwa. Alamun sun yi kama da na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, don haka sau da yawa magani ake ta ba mace na abin da ba shi ke damun ta ba. Budurwa takan yi shiru don tsoron zargi, matar aure kuma a dube ta da ido biyu, alhali laifinta bai wuce wanki a bakin rafi ba.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan, kuma ba shi da tsada. Sunansa farazikwantel, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya bayan an ci abinci, gwargwadon miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. A wurin rabon gayya ma ba a bukatar sikeli, tsawon yaro ake aunawa da sanda mai alama a san ƙwaya nawa zai sha. Kamfanin Merck na ƙasar Jamus ya yi alƙawarin bayar da ƙwayoyi har miliyan 250 kyauta duk shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Cibiyar Carter ta fara rabon maganin a jihohin Filato da Nasarawa tun 1999. To ina gizo ke saƙar?

Gizo na saƙa ne a hanyar rabo. Shekara da shekaru an fi bi ta makarantun firamare. Tsari ne mai sauƙi, amma a Arewa yana da babban giɓi. Almajirin tsangaya da ke wanka da wanki a kududdufi ba ya cikin rajistar firamare. Haka ɗan masunci, da yaron da ke kiwo, da yarinyar da ke talla, da manomin rani da ke wuni cikin ruwa har gwiwa. Waɗanda suka fi kowa shiga ruwa su ne suka fi nisa da layin karɓar magani. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta ce a duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa magani duk shekara tun daga ɗan shekara biyu, har da manya da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. Aiwatar da wannan a wurinmu ba zai yiwu ba sai an zauna da alarammomi da sarakunan ruwa da shugabannin manoman rani da masu unguwanni, a mayar da su abokan aikin, kamar yadda aka yi da sarakuna a yaƙin shan-inna.

Magani kaɗai kuma ba ya wadatarwa. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sabon kamu. Yaron da ya sha yau ya koma kududdufi gobe, ya koma gidan jiya. Dole a haɗa da rijiyoyin burtsatse da makewayi a kusa da gonakin rani da tsangayoyi da kasuwannin bakin ruwa. A gida kuma, ruwan tafki da aka ɗebo don wanka idan aka bar shi a randa ya yi kwana biyu, ’ya’yan tsutsar sun mutu. Kuma zagayen cutar duka yana tsinkewa ne a wuri ɗaya: idan fitsari bai shiga ruwa ba, katantanwa ba ta da abin ɗauka. Addininmu ya riga ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, hanin yana cikin ingantattun hadisai. Da limamai za su ware huɗuba guda a shekara su haɗa wannan hani da bayanin tsargiya, da saƙon ya isa inda takardar ma’aikatar lafiya ba ta taɓa zuwa ba.

Ina da gargaɗi na musamman ga manya. Yawan tsargiya ya sa duk jinin da aka gani a fitsari ita ake ɗora wa, a je kemis a sayi ƙwaya a sha. Ga wanda ya haura shekara arba’in wannan ganganci ne. Jinin na iya fitowa daga tsakuwar ƙoda ko ta mafitsara, ko ƙwayoyin cuta, ko kumburin ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ko kuma ciwon daji. Dajin mafitsara sau da yawa da jini marar zafi yake fara sallama, ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa bayan watanni. Rashin zafin bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba. Ko sau ɗaya ka gani, je a auna fitsarin, a ɗauki hoton mara da ƙoda, musamman idan kana shan taba ko ka yi tsargiya da ƙuruciya.

Ƙasashen duniya sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da tsargiya za ta daina zama barazana ga lafiyar al’umma, ana kuma tunawa da ire-irenta na cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi duk ranar 30 ga Janairu. Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su sanya tsangayoyi da garuruwan noman rani cikin jadawalin rabon magani, su kuma daina ƙaddamar da aikin ban-ruwa ba tare da kason makewayi da ruwan sha a cikinsa ba. Uba kuma ya tambayi ɗansa, uwa ta tambayi ’yarta, domin yaro ba zai kawo ƙarar abin da ya ga kowa na yi wa dariya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare zuriyarmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.