Kiɗan Kyuba Ba Baƙo Ba Ne a Dakar

Akwai wata magana da muka gaji da ji duk lokacin da aka sa faifan Orchestra Baobab: wai 'yan Dakar ne suka ari rigar Kyuba suka yafa, suka yar da tasu. Masu faɗin haka suna ɗaukar kansu masu gadin al'ada. Mu da muka daɗe muna irin wannan taƙaddama kan waƙoƙin fina-finan Hausa da kiɗan Indiya, mun san muryarsu. A ganinmu, da kunne ɗaya suka saurari faifan.

An kafa ƙungiyar a 1970 don ta riƙa kiɗa a gidan rawa na Baobab da ke Dakar, babban birnin Sanigal. Ba mu musa ba, salon "son" na Kyuba shi ne ƙashin bayan kiɗansu, har sukan rera wasu waƙoƙin da Sifaniyanci. To amma wa ke waƙa a kai? Laye Mboup, maroƙi ɗan gado, wanda ya ɗora muryar roƙon Wolof a kan wannan kiɗa. Ga Balla Sidibé da Rudy Gomis, 'yan Casamance da ke kudu, da waƙoƙin yankinsu. Mai jita kuwa, Barthélémy Attisso, ɗan Togo ne da karatun lauya ya kawo Dakar. Ina aron rigar a nan?

Shi kansa kiɗan Kyuban daga ina ya fito? Jita ta Sifaniya ce, amma ganguna da bugunsu bayin da aka kwashe daga nahiyarmu ne suka tafi da su, kuma ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Har gobe ana kaɗa gangar bata ta Yarbawa a Havana da Matanzas. Da faya-fayan garmaho suka iso Dakar, mutane sun ji kamar ɗan da aka sayar ne ya dawo gida da wani harshe a bakinsa.

Duk da haka aka juya wa Baobab baya. Kiɗan mbalax na Youssou N'Dour ya mamaye gari, aka ce shi ne na gida, Baobab ta zama tsohon yayi. A 1987 ta watse, Attisso ya jingine jita ya koma aikin lauya a Lome. Masu gadin al'ada ba su ce uffan ba. Sai da kamfanin World Circuit na Landan ya sake fitar da faifansu na 1982, Pirates Choice, a 2001, sannan suka sake haɗuwa. Wannan abin kunyar namu ne.

Kuma wa ya sa hannu wajen shirya faifan dawowarsu na 2002? Youssou N'Dour ɗin nan dai, wanda shi ma ya yi ƙuruciyar waƙarsa a Star Band, ƙungiyar da ta yi suna a Dakar da kiɗan Kyuba.