Mu Share Kaburburan 'Yan Mazan Jiya Kafin Wuta Ta Ci Daji

'Yan'uwa manoma, bayan an gama yankan dawa na je tsohuwar makabarta ta bayan gidan mishan a garinmu. A kusurwar gabas akwai wurin da iyayenmu suka keɓe domin sojojin da suka dawo daga yaƙin Boma. Sai da na sa adda kafin in kai wurin. Ciyawa ta kai ƙirji, awaki sun yi hanya, siminti ya tsattsage, wani kuma da gonarsa ke maƙwabtaka ya riƙa ƙara kunya ɗaya kowace damina har garmarsa ta kusa taɓa kabari.

Su wanene ke kwance a nan? A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila suka kwashi samari daga ƙauyukanmu, Kirista da Musulmi da masu bin al'ada, suka sa su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Suka ƙetare teku, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan a 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya da barikin Kalapanzin na Kaduna daga wannan yaƙi suka sami sunayensu. Waɗanda suka faɗi a can, ana lura da nasu: a makabartar Taukkyan kusa da Yangon an rubuta sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, har da mutanenmu. Amma hukumar da ke lura da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, ita da kanta ta yarda a 2021 cewa mutum 116,000 ko fiye, yawancinsu 'yan Afirka, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. In baƙo ya manta da su, muna iya gunaguni. To, waɗanda suka dawo gida, suka ɗauki fartanya, suka mutu a hannunmu fa? Wa za mu ba laifi?

Na san wani zai ce, kuɗin taki ma bai ishe mu ba. Gaskiya ne. Amma wannan aiki ba kuɗi yake ci ba, gayya ce ta yini ɗaya. Ƙungiya ta sa rana yanzu, tun masu farautar ɓera ba su cinna wa daji wuta ba, gama wuta ce ke fasa siminti ta ƙone alamun katako. A yanke ciyawa, a share fili kewaye da wurin domin wuta ta tsaya. Dutsen da ke da rubutu a wanke shi da ruwa da tsumma kawai. Kada a goge da waya, kada a shafe da farar ƙasa, don haruffa za su ɓace. Kada a dasa dalbejiya kusa, saiwarta tana ɗaga kabari. Shingen bini-da-zugu ya isa ya hana awaki, ya kuma nuna wa mai garma iyakarsa ba tare da faɗa ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sunaye. A wurinmu tsohuwa ɗaya ce ta rage wadda ta san wanda ke cikin kowane kabari, idonta kuwa ya fara dushewa. Magatakarda ya ɗauki littafi ya zauna da irinta, ya rubuta suna, da gida, da lambar soja in 'ya'yansa suna da takardar sallama, a ajiye tare da littafin Ekklesiya. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, gama nasu iyaye ma sun je Boma.

Ranar 15 ga Janairu ƙasa take tunawa da 'yan mazan jiya. Mu a ƙungiyarmu mun sa Asabar ta biyu ga Disamba, kowa ya zo da adda da fartanya.