Takardar neman gurbin jami'a: aboki ya karanta, amma kada ya riƙe maka alƙalami

Daga watan Oktoba zuwa Fabrairu lokaci ne na cike takardu ga duk matashin da ke neman gurbin karatu a waje. Jami'o'in Oxford da Cambridge na rufe karɓa a ranar 15 ga Oktoba, jami'o'in Amurka da dama na rufe zagayen farko a 1 ga Nuwamba, sannan a 'yan shekarun nan tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya na buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Dukkansu suna neman abu guda bayan sakamakon jarabawa: takardar da ɗalibi zai rubuta da kansa, ya ce shi wane ne, me yake son karantawa, kuma don me.

A kan wannan takarda ne 'yan uwanmu da yawa ke tuntuɓe, ko suna Maraɗi da Damagaram, ko 'ya'yan 'yan ci-rani ne da suka tashi a New York. Wasu na ɓoye ta, ba wanda zai gani har su tura, don gudun baki ko gudun dariya idan ba a dace ba. Wasu kuma na jefa ta cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, su ce kowa ya gyara. A ganina duka biyun asara ne. Ya kamata aboki ya karanta takardarka, amma aikinsa shi ne tambaya da shaida. Rubutu naka ne.

Dalilin farko na neman idon aboki yana cikin tarbiyyarmu. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai ga takarda tana neman ka yi magana a kan kanka daga farko har ƙarshe. Abin da yawanci ke fitowa shi ne zance mai faɗi: ina son karatu tun ina ƙarami, ina so in taimaki ƙasata. Masu tantancewa sun karanta irin wannan sau dubbai. Abokin da ya san ka shi ne zai tuna maka cewa shekara biyu kana riƙe da lissafin shagon mahaifinka a kasuwa, ko kuma ke ce kika riƙa koya wa yaran unguwa lissafi a lokacin hutu. Abin da kake ganin bai kai a faɗa ba, sau da yawa shi ne abin da ya bambanta ka da sauran.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin wuri. Dandalin Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da shi, yawancinsu a Amurka, bai yarda babbar takardar ta wuce kalmomi 650 ba. A Birtaniya, hukumar UCAS ta ƙayyade haruffa 4,000, kuma ga masu shiga daga 2026 ta raba su zuwa tambayoyi uku. Wanda ya rubuta abu da wuya ya ga inda ya maimaita kansa, domin kowace jimla tana da daraja a idonsa. Mai karatu na biyu ne ke ganin sakin layin da za a cire ba tare da an rasa komai ba.

To amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Takardar da ta ratsa hannu goma, kowa ya sa jimlarsa, tana fitowa sumul amma babu mai ita a ciki. Akwai kuma haɗarin sata. UCAS na bi da kowace takarda ta manhajar da ke gano kamanni, tana kwatanta ta da waɗanda aka taɓa turowa, kuma idan ta ga kamanni mai yawa tana sanar da jami'o'in da aka nema. Idan wani a zauren ya kwafe sakin layinka ya riga ka turawa, kai ma ka shiga cikin zargi. Common App kuwa na lissafa gabatar da rubutun wani, ko na manhajar ƙirƙirarriyar basira, a matsayin naka cikin zamba.

Wani zai ce ai Turancina ko Faransancina bai kai ba, dole in samu wanda zai rubuta mini. Damuwa ce ta gaskiya. Sai dai gyaran nahawu daban, sauya tunani daban. Tallafin Turkiyya da wasu irinsa na kiran waɗanda suka tsallake zagayen farko zuwa ganawa, kuma daga abin da ka rubuta ake iya ɗauko tambaya. Ranar nan ba aboki a gefenka, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ka zaɓi mutum biyu ko uku: wanda ya san ka sosai, wanda bai san ka ba, da malami ko wani da ya taɓa bin wannan hanya. Ka ba su takardar makonni kafin ranar rufewa, kai tsaye, ban da zaure. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, domin kunya za ta sa su ce ta yi. Ka ce su faɗa maka a jimla ɗaya wane mutum suka gani a ciki, a ina hankalinsu ya fara tafiya, kuma wace jimla ce ba su yarda daga bakinka ta fito ba. Bayan haka ka koma ka gyara da hannunka.

Kai kuma da aka ba ka amanar karantawa, ka faɗi gaskiya da ladabi, kada ka tura wa kowa, kada kuma ka ɗauki ko layi ɗaya ka sa a taka. Wanda ya nuna maka wannan takarda ya buɗe maka sirrin gidansu da burinsa, kuma shekara guda ta rayuwarsa na iya rataya a kanta.