Bazday ɗin ofis ba haraji ba ne

1/ Jama'a, don Allah a daina mayar da bazday ɗin ofis haraji. Kowane wata sai an turo a grup: "Kowa ya kawo dubu biyar, na Oga ne." Haba!

2/ Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Masinja da mai shara su biya daidai da manaja, a sayo kek mai hawa uku, a miƙa musu ɗan yanki a tishu. Ranar nasu kuwa, ko "Allah ya ƙaro shekaru" babu.

3/ Wai zumunci ne. Wane irin zumunci ne ake kiran sunan wanda bai biya ba a gaban kowa?

4/ In shagali ake so, a haɗa 'yan wata ɗaya rana guda. A yi "ranar ƙauye": tabarma a ƙasa, faifai a bango, zoɓo da kunun aya a ƙwarya. Wata ta soyo cincin, wani ya kawo ƙuliƙuli. A yanki kwali a yi kati, kowa ya rubuta addu'arsa da hannunsa.

5/ Wanda bai yarda da bazday ba, a ƙyale shi.

Oga kuwa, ranka ya daɗe, babba shi ke ciyarwa.