Suna Ba Ya Rubuta Littafi

A shekarar 2017 Paula Poundstone, fitacciyar mai wasan barkwanci ta Amurka, ta fitar da littafi kan neman farin ciki mai suna The Totally Unscientific Study of the Search for Human Happiness. A cikinsa ta mai da rayuwarta fagen gwaji: ta koyi taikwando, ta yi hayar mota ƙirar Lamborghini, ta kwana a daji da ƴarta, ta yi aikin sa kai a gidan tsofaffi, tana auna daɗin da ta ji da ma'aunin da ta raɗa wa sunayen kyanwoyinta.

Mai karatun da ya rufe littafin yana jin an yi masa rowa, amsa guda ake ba shi: ai wasa ne, marfin ma ya faɗa cewa ba binciken kimiyya ba ne. Wannan amsa ba ta wanke kowa. Duk wanda ya ɗora kalmar farin ciki bisa marfi ya ci bashin mai saye, kuma jera gwaje-gwaje ba ya biyan bashin tunani.

Ƙarfin Poundstone a dandali yake, inda ta shahara da cafke maganar ɗan kallo nan take ta juya ta. A takarda kuwa babu mai tanka mata. Murya, da ɗan shirun da ke gabatar da zolaya, da dariyar na kusa mai jawo ta saura, duk suna tsayawa a ƙofar maɗaba'a. Mutanen Nijar ba baƙin wannan gaskiya ba ne: wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2014, ba ya yiwuwa sai Bafillace na ganin idon Babarbare.

Babban laifin yana wuyan masu buga littattafai, waɗanda suka gane cewa sanannen suna ya fi kyakkyawan shafi saurin fita kasuwa. Saboda haka takaicin mai karatun nan hukunci ne na adabi, bai kamata a kira shi rashin sanin wasa ba.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu masu cika ɗakunan karatu da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, su ne ya fi shafa. Kafin a sayi littafin tauraro, a karanta wa ɗalibai shafi goma da babbar murya, ba tare da an faɗi sunan marubucin ba. In shafin ya tsaya da ƙafarsa, a saya.