TSOHON TANKIN ƘARFE DA SABON MAGANIN CIYAWA: HAƊARIN DA KE JIRAN MANOMAN FEZZAN

Unguwar Fezzan, wadda ta samo sunanta daga Larabawan ƙasar Libya da fatauci ya kawo Borno, unguwar 'yan kasuwa ce a tsakiyar Maiduguri. Amma kamar sauran tsofaffin unguwannin birnin, akwai magidanta a cikinta masu gonaki a bayan gari, wasu a fadamar Jere inda a ke noman shinkafa. Su wannan magana ta fi shafa.

Noman fartanya ya yi wuya a yanzu. Tun bayan kisan gillar da aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari cikin watan Nuwamba 2020, ba kowa ke son wuni a gona da 'yan ƙwadago ba, alhali kuwa aikin da fartanya za ta yi cikin mako, maganin ciyawa ya kan gama shi kafin azahar. Sai kuma aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, darajar Naira ta faɗi, kuɗin injin feshi na roba, wanda galibi daga waje a ke kawo shi, ya yi sama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan magidanci ya tuna da tsohon tankin ƙarfe na feshin sauro ko fari da ke jingine a zaure, ya karkaɗe shi ya nufi gona.

To, a nan gizo ke saƙa. Ɗaya daga cikin magungunan ciyawar da aka fi saye a ƙasar nan shi ne glyphosate, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yau kuwa ya na da sunaye barkatai a kasuwa. Wannan magani ba ya shiri da baƙin ƙarfe, ko ƙarfe mai ruwan tutiya irin na kwanon rufi. Idan ya zauna a cikinsu ya kan ci ƙarfen, ya haifar da iskar haidurojin, watau iska marar launi marar wari, mai kama wuta nan take. A cikin tanki rufaffe iskar ba ta da mafita. Ƙyastun ashana, ko wutar sigari, ya isa ya tarwatsa shi.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari ma ba manomin ba ne, mai walda ne. Tsohon tanki ba ya rasa yoyo, kuma wurin mai walda za a kai shi. Shi kuwa bawan Allah bai san abin da ya kwana a ciki ba, zai ɗora wuta ne kawai.

Ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta ƙara dagula al'amarin. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, waɗanda ba su da nisa da Fezzan, kuma duk ƙarfen da ya yi kwanaki cikin wannan ruwa tsatsa ta kama shi ciki da waje. Tsatsa kuwa ta kan rage ƙarfin glyphosate, sai mutum ya ga ciyawa ta ƙi mutuwa, ya ce jabu aka sayar masa, ya ƙara kashe kuɗi. Har ila yau ɓarɓashinta ya kan toshe bakin feshi, manomi ya sa baki ya hura. Idan paraquat ke ciki, to, abin ya wuce wasa, domin gubarsa ba ta da makari. Dalili ke nan da ya sa aka hana shi a ƙasashen Tarayyar Turai tun 2007, ita ma hukumar NAFDAC a 2023 ta sanar da hana shi daga farkon 2024.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai bayan kwanaki. Maganin 2,4-D da a ke fesa wa shinkafa ya kan maƙale cikin ramukan da tsatsa ta yi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ranar da aka ɗauki tankin nan don fesa wa wake ko tumatir maganin ƙwari, sai ganye ya nannaɗe, a dora laifin a kan iri ko rashin ruwa.

A gaskiya laifin ba na manomi kaɗai ba ne. Gargaɗin ya na nan a jikin kwalba, amma da Turanci, cikin ƙananan baƙaƙe, wanda kuma ya sayi awo cikin gorar lemo ko takardar ma bai gani ba. Kamata ya yi malaman gona na hukumar BOSADP su bi masu sayar da magani da masu walda rumfa rumfa, gidan rediyo da talabijin na BRTV kuma ya yi bayani da Barbarci da Hausa kafin faɗuwar damina. Duk lokacin da gwamnati za ta raba maganin ciyawa, ya dace ta haɗa da injin feshi na roba, in ba haka ba rabin aiki ta yi.

Ba kowane tankin ƙarfe ne abin gudu ba. Na ƙarfe marar tsatsa, wanda a ke kira silba, ba shi da wannan matsala. Mayen ƙarfe ya kan taimaka wajen rarrabewa: ya na manne wa baƙin ƙarfe gam, galibi kuwa ba ya kama silba sosai. Tankin da mayen ƙarfe ya kama, kada a zuba masa glyphosate. Idan kuma tsatsa ta riga ta cinye shi, a buɗe murfin, a wanke shi nesa da rijiya, a huda gindinsa da ƙusa don kada yara su ɗebo ruwan sha da shi.